Madubai Uku a Gonar Kingsley

Asabar 5 ga Oktoba, bayan magariba

Saboda madubin bindiga na buɗe wannan littafi, ba don komai ba. Saudatu ta ce mutumin da shekara ashirin da bakwai da aure bai taɓa rubuta mata ko kati ba, yau shi ne ya sayo littafi mai bango don gilashi. Na ce mata gilashi ba ya mayar da magana.

Ga yadda abin yake. Duk Asabar ɗin da ba na kan bas, nakan ɗauki bindigar iskata in bar Barking in nufi gonar Kingsley a Essex. Kingsley Ibo ne haifaffen Sabon Garin Kano, Hausarsa ta fi ta 'yata Teema nesa ba kusa ba. Yana noma alayyafo da rama da gauta a rumfunan leda, kabeji da karas a fili, zomaye kuwa sun mayar da wurin gidan biki. Ya ba ni izini a rubuce. Ni in harba, shi ya huta, Saudatu ta yi farfesu, kowa ya ci riba sai zomo.

To yau harbi shida, ban taɓa ko gashin zomo ba. Madubin da ke kan bindigar, wanda ake leƙawa a yi saiti, ɗan Cana ne mai araha, shekara huɗu muna tare. Yana jawo abu kusa ninki uku zuwa tara. Da can daga taku talatin ina ƙirga gashin bakin zomo da shi. Yau sai na ga kamar an shafa masa man shanu. Na goge da ƙyalle, na goge da hula, na murɗa zoben baya har ya ƙure, duk a banza. Araha ba ta ado, Ɗan Cana ya tashi aiki.

Kingsley ya rako ni mota yana dariya. "Sarkin Baka, zomaye sun ce a gaida Hajiya, sun gode da ziyara." Har Oga, kyanwar matarsa, wata ƙatuwa mai launin toka, ta kamo ɓera ta ajiye a gabana don cin fuska.

Zan gwada madubai in rubuta sakamako tsakani da Allah.

Litinin 7 ga Oktoba, ƙarfe biyu na rana

Wasiƙa ta zo. Wata mai zuwa zan cika hamsin da biyar, kuma lasin tuƙin bas ba ya sabuntuwa sai likita ya duba mutum ya sa hannu. An ba ni 11 ga Nuwamba a Whitechapel. Na sa ta a kan firij, ƙarƙashin kwandon albasa.

Shekara goma sha tara ina tuƙi ban taɓa goge wa kowa fenti ba.

Laraba 9 ga Oktoba, bayan la'asar

Na je shagon bindigogi wajen tsohon Baturen nan mai wandon ɗamara. Ya baje mini madubai a kan kanta kamar mai tallan tsire. Na zaɓi wani ɗan Jafan: ninki huɗu zuwa goma sha shida, bakin gilashinsa ya fi na Ɗan Cana faɗi, ga wata 'yar taya a gefe da ake murɗawa gwargwadon nisan abu. Ya ce in bai yi mini ba in mayar.

Na ba shi labarin yadda Ɗan Cana ya ci amanata. Ya karɓa ya leƙa titi da shi, ya daɗe, ya sauke ya dube ni ta saman tabarau. Ya fara wata tambaya. Na katse shi na ce na ajiye mota inda ake cin tara.

Asabar 12 ga Oktoba, bayan magariba

Gwaji na farko. Na manna shafin jarida a jikin damin ciyawa, na auna taku talatin, na kwanta rub da ciki a kan buhu.

Ɗan Cana: babban kanu kawai.

Ɗan Jafan: babban kanu da hoto. Ƙananan rubutu kamar tururuwa sun sha ruwa. Launi ya fi fitowa, ban hana shi wannan ba, kuma ba ya gumi in an numfasa kusa da shi. Amma tsakiyarsa akwai wani hayaƙi-hayaƙi, daidai inda zaren saiti ya gitta. Harsashi biyar da na saba tarawa a faɗin kwabo yau sun watsu faɗin faifai.

Duk da haka Allah ya ba ni zomo ɗaya dab da faɗuwar rana, wani dattijo mai kiba da ya fito fili kamar ya gaji da duniya. Na zabura da wuƙa don in same shi da rai in yanka, na faɗa kwalbatin Kingsley har gwiwa. Gaskiyar masu magana, kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Kingsley ya tambaye ni dalilin da nake surutu kafin in harba. Na ce dokar Baba ce, Allah ya jiƙansa. Baba shi ne Sarkin Bakan ƙauyenmu a ƙasar Ningi. Yana saurayi wani maharbi ya ga motsi a duhuwa ya saki kibiya, ashe mutum ne ya tsuguna tonon saiwa. Tun daga ranar Baba ya kafa doka a kan duk wanda ya koya wa harbi: sai ka ga kunne, ka ga ido, ka kira sunan dabbar a fili yadda na kusa da kai zai ji, sannan ka yi bisimilla ka saki. In ɗaya ya ɓace, ka sauke, ka ce ban gani ba. Wanda ya tsallake kuwa kwarinsa zai kwana wata guda a ɗakin Baba.

Kingsley ya ce, "To yau ka ga kunne da ido?"

Na ce na ga kunne.

Talata 15 ga Oktoba, ƙarfe bakwai na safe

Fitilun motocin bana sun fiye haske. Ya kamata hukuma ta tsawatar.

Alhamis 17 ga Oktoba, bayan azahar

Da safe na zuba shayi, rabi a kofi rabi a faranti. Sababbin kofunan nan bakinsu ƙarami ne. Saudatu ta goge ta wuce abinta, ita da ko ƙwayar shinkafa ta faɗi sai an ji wa'azi.

Tun muna Zariya ni nake zura mata zare a allura. Ita da ɗinki kamar kifi da ruwa, amma kafar allura ta fi ƙarfinta, sai ta miƙo mini ko kallona ba ta yi, ni kuma in zura da hannu ɗaya don burga. Yau na ji ta haura sama tana kiran Teema da allura a hannu. Na tsaya ina lissafi, ashe ta kai wata biyu rabon da ta miƙo mini. Abin ya sosa mini rai ƙwarai, ban san zai sosa haka ba.

Na tarar da wasiƙar a kan dardumata. Na mayar da ita wajen albasa.

Asabar 19 ga Oktoba, bayan magariba

Abin nema ya samu. Abdul-Basit, abokin aikina ɗan zangon Kumasi, yana harbin takarda a wani kulob, shi ya ara mini madubinsa, wani Bajamushe. Kuɗinsa zai kai ni Kano ya dawo da ni, har da tsarabar kilishi. A cikin akwati mai soso ya kawo shi garejin bas ɗinmu, ya ce, "Maigida, wannan madubi ko ƙuda ya tashi a France za ka san mace ne ko namiji ne. In ya faɗi ƙasa kar ka dawo aiki."

Bajamushe yana da nauyi, ya mayar da bindigata kamar taɓarya. Amma da rana ta yi ƙasa ya nuna shi ɗan gidan sarauta ne. Lokacin da Ɗan Cana ya yi duhu ɗif, Ɗan Jafan ya fara lumshewa, shi yana nan tar kamar an kunna masa fitila a ciki. Ya ƙara mini minti goma na haske, kuma minti goman nan su ne lokacin fitar zomo.

Sai dai hayaƙin nan yana ciki. Wuri ɗaya, girma ɗaya.

Kingsley ya karɓa ya leƙa shafin jaridar ya buga ihu. "Chineke! Malam, ga tallan firij, har lambar wayar ina gani! Sifili, bakwai, tara…" Na karɓe kayana. Kingsley mutum ne mai zuzuta abu, tun a Sabon Gari aka san shi.

Jamusawa ma sun fara algus.

Laraba 23 ga Oktoba, hutun rana

A ɗakin cin abinci na gareji Abdul-Basit ya tambayi labarin Bajamushe. Na faɗa masa ra'ayina. Ya ajiye cokali, ya dube ni, ya dubi ƙofa, ya matso da kujera.

"Yaushe ne medical ɗinka?"

Na faɗa masa.

"Hajiya ya sani?"

Na ce Hajiya ba ta harbi.

Ya rage murya. "Likita ɗin nan, tafin hannu yake cewa ka rufe ido da shi. Shi yana kallon computer. Kai ka buɗe yatsa kaɗan, kamar haka. Mai kyau ya karanta wa ɗan'uwanshi. Minti ɗaya, ka samu lasin five years."

Na ce ban san abin da yake nufi ba. Ya ce shi ma bai ce komai ba. Muka ci gaba da cin wake da shinkafa.

Lahadi 27 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

An mayar da agogo baya da awa guda, yadda ake yi a ƙasar nan duk shigar sanyi. Ƙarfe biyar, gari ya yi duhu.

Talata 29 ga Oktoba, bayan magariba

Wani mai keke ya zage ni a Ilford, har da dukan gilashi. Ina fita daga tasha ne, ban san ta inda ya ɓullo ba. Ta hannun dama. Baƙaƙen kaya ya sa, ko ruwan toka.

Nauyi: Ɗan Cana kamar gwangwanin madara, Ɗan Jafan kamar kwalbar manja, Bajamushe kamar dutsen guga.

Mai keken bai faɗi ba. Alhamdu lillahi bai faɗi ba.

Asabar 2 ga Nuwamba, bayan magariba

Teema ta ce za ta raka ni gona. Yarinyar da ko gizo-gizo ta gani a gida sai ta kira ma'aikatan ƙaramar hukuma, yau ita ce da takalmin roba. Na san wadda ta aiko ta. A mota ina yi mata Hausa tana mayar mini da Turanci, kamar kullum, shekara ashirin da huɗu muna wannan ciniki.

Na ɗaura Bajamushe. Muka kwanta bayan damin ciyawa, ita tana ƙorafin sanyi da warin kaji. Wajen ƙarfe huɗu wani abu ya fito daga gindin shinge ya tsaya a bakin kunyar kabeji. Launin toka, a dunƙule, girman da ya dace, wurin da ya dace, lokacin da ya dace. Na ɗora zaren saiti a kansa. Na ce a raina ai kunne yana nan, ina zai je. Ido ma yana nan.

Na ce a fili, "Zomo."

Na ja numfashi zan yi bisimilla, yatsana ya riga ya taɓa kunamar bindiga. Teema ta dafa bakin bindigar ta danna ƙasa.

"Abba. Kyanwa ce."

Da Hausa ta faɗa. Ba madubi a idonta, ba komai, daga inda take kwance.

Oga ta miƙe ta yi miƙa, ta taho tana rangwaɗa ta goga jikinta a takalmina. Kingsley ya fito daga rumfa yana tambayar ko an samu na farfesu. Teema ta ce masa sanyi ne ya kore mu. Na cire harsashi, na sa bindiga a jaka. Ita ta tuƙo mu gida, ban ma san lokacin da na ba ta makulli ba.

A Dagenham ta ce, "It's not the scope, Abba." Wai laifin ba na madubi ba ne. Na kunna rediyo.

Lahadi 3 ga Nuwamba, bayan azahar

Na kira sunan abin da ban gani ba. Da Baba na da rai da kwarina ya kwana a ɗakinsa.

Litinin 4 ga Nuwamba, ƙarfe tara na safe

Na isa gareji da asuba, na karɓi takardar aiki, na zagaya bas ina duba tayoyi da fitilu yadda aka saba. Na sa ƙafa a matakala. Sai na tuna mutum tamanin take ɗauka in ta cika, ga 'yan makaranta da ke tsallaka titi a guje ba sa duba ko'ina, kuma a kujerar direba babu mai dafa maka bakin bindiga.

Na koma ofis na ce ina son hutuna na mako guda da ya rage. Manaja ta ce lafiya? Na ce baƙi za mu yi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Yanzu ga ni a gida ƙarfe tara na safe, Saudatu tana share ƙarƙashin ƙafata kamar ni ma kujera ne.

Alhamis 7 ga Nuwamba, da hantsi

Na gwada dabarar Abdul-Basit a kicin da kalandar masallaci. Na tsaya bakin ƙofa, na rufe hagu da tafin hannu, na ɗan raba yatsu biyu. Tana aiki. Har lokacin sallar isha'i na ƙarshen wata na karanta. Ko ni da na kalli kaina a gilashin microwave ban gane an buɗe ba.

Na yi sau uku. A na huɗu na ji murya a bayana.

"Abban Teema, ɓuya ake yi? In ɓoye ka nemo ni?"

Na ce kaina ke ciwo. Ta ajiye kwandon wanki, ta ɗauko wasiƙar daga ƙarƙashin albasa ta kakkaɓe ɓawo ta miƙo mini.

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Na ce mata ita ba ta gane ba. In likita bai sa hannu ba, babu lasin. In babu lasin, wane ne ni a garin nan? Shekara goma sha tara, duk wanda ya san ni daga Barking zuwa Whitechapel, Maharazu direba ya sani.

Ta ce, "Ni bas na aura? Da na aure ka ko keke ba ka da shi, na Yaya Fakhruddeen kake ara."

Na yi dariya ba da niyya ba, har ta kai ni ga share ido. Tsoro nake ji, na faɗa mata. Karo na farko ke nan da na faɗa wa wani.

Asabar 9 ga Nuwamba, bayan magariba

Na yi alkawari zan rubuta sakamako tsakani da Allah, don haka na koma gona da alƙaliya. Babu harsashi. Teema ta kwanta a kan buhu, ni ina canza madubai ina rubutu, Kingsley yana ba da shawarar da ba a tambaye shi ba, Oga tana zaune a kan jakata.

Ɗan Cana: da rana ta karanta jaridar duka, har da ƙananan rubutu. Gefe-gefensa yana ɗan dusashewa, kuma da rana ta faɗi ya yi sallama. Ba abin da ya same shi. Shekara huɗu yana yi mini biyayya na saka masa da ƙazafi.

Ɗan Jafan: tar daga tsakiya har baki, 'yar tayarsa tana aiki, ya jure har magariba ta kawo jiki. Ga mai harbin zomo da ɓera a taku talatin zuwa arba'in, shi ne daidai kuɗinsa.

Bajamushe: ya fi su duka, babu gardama. Amma abin da ya fi Ɗan Jafan da shi minti shida ne na haske, Teema ta duba a waya. Minti shida ba su kai tikitin Kano ba, sai ga wanda zomo ya kashe wa uba.

Hayaƙi: babu a ko ɗaya.

Kingsley ya ce zai riƙe mini zomayen, ba inda za su, ya ga ma sun ƙara aure.

Litinin 11 ga Nuwamba, bayan la'asar

Da Saudatu muka je. Likitar wata 'yar siririya ce mai saurin magana. Ta auna jini, ta auna sukari, ta ce zuciyata ta saurayi ce, na ce a rubuta a ba Hajiya.

Sai allon haruffa. Ta ce in rufe dama. Na karanta har layin ƙasa, da za ta bar ni da na karanta sunan kamfanin da ya buga allon. Ta ce to, in rufe hagu.

Da tafin hannu, kamar yadda Abdul-Basit ya faɗa. Ta juya tana danna kwamfuta, kamar yadda ya faɗa. Yatsuna sun san hanya, kwana huɗu suna bita.

Na dubi allon. Fari, da wani baƙi-baƙi a sama a dunƙule. Girman da ya dace, wurin da ya dace. Babu kunne, babu ido.

Na matse yatsuna har suka yi zafi. Na ce, "Ban gani ba, likita."

Da Hausa ta fito, sai da na maimaita mata da Turanci.

Ba ta sa hannu ba. Ta haska mini 'yar fitila ta daɗe tana leƙe, ta ce ga alama yanar ido ce ta rufe na dama, za ta tura ni asibitin ido. Ta ce aikin ba ya kai awa guda, layin jiran ne mai tsawo, wataƙila sai bayan sanyi. In ya yi kyau in dawo ta sake gwada ni. Kafin nan ba ni ba sitiyarin bas. Ta tambaya tun yaushe. Saudatu ta riga ni: "Tun Agusta."

A bas muka dawo, sama, kujerar gaba. Ban taɓa zama a can ba. Ashe haka garin yake da rufin gidaje. Direban wani sabon yaro ne na garejinmu, yana taka birki kamar yana kashe kunama, sau biyu na miƙe zan sauka in yi masa magana Saudatu tana jan rigata.

Na mayar wa Abdul-Basit Bajamushe da akwatinsa. Ɗan Jafan zai koma shago gobe, kuma zan tsaya tsohon ya ƙarasa tambayarsa. Ɗan Cana na goge shi na ɗaura a mazauninsa, na ba shi haƙuri, na kulle bindigar a kabad na ba Teema makullin.

Da na je ɗaukar albasa ɗazu, na ga an sa wani abu a inda wasiƙar take. Gwangwanin alluran Saudatu ne, da zare baƙi da fari. Na ɗaga murya na tambaye ta me ya kawo shi kan firij.

Daga falo ta amsa. "Aikinka ne. Teema ba ta iya ba, sai ta lashe zaren duk ya jiƙe. Zan jira."